Zuhal da Igiyar Haruna Mahauci

Da sunan Allah nake farawa. Wannan rubutu na yi shi ne saboda samarin da ke zama a bencin ƙofar gidana a unguwar Asata ta Inugu bayan la'asar. Ina jin abin da kuke faɗa, kuna zaton kunnena ya mutu. Wai hisabin taurari ba aiki ba ne, mutum ya latsa waya ya faɗa mata watan haihuwarsa, ta ce masa zai yi arziki ranar Talata. To, ni na yi shekara hamsin da ɗoriya a wannan sana'a tsakanin Anaca da Inugu da Fatakwal, zan kuma faɗa muku yadda take bi da bi. Mai karantawa ya fara daga farko. Ba na son mai tsallake.

Da farko, Allah ne kaɗai masanin gaibu. Tauraro alama ce kawai, mai lissafi kuma yana iya kuskure, kamar yadda za ku gani nan gaba. Na biyu, ni ba boka ba ne. Ba na buga ƙasa, ba na watsa wuri, ban taɓa cewa a kawo mini baƙin zakara ba. Ɗan hisabi ƙidaya yake yi, shi ke nan.

Kayan aikin huɗu ne. Akwai littafin jadawali, rubutun hannu da ajami, wanda ke nuna gidan da kowane tauraro yake a kowace shekara. Akwai faifai na katako da aka zana wa gida goma sha biyu, su ne burujai. Akwai ƙwallayen dabino talatin a cikin 'yar jaka, da su ake tafiyar da shekaru a kan faifan. Sai allo da tawada. A cikin huɗun nan littafin ne mai wahala, domin a kudu takarda ba ta da abokin gaba kamar raɓa. In ka bar shi sati biyu a gafaka sai ka tarar ya yi funfuna, Mushtari ya manne da Zuhal. Don haka duk ranar da rana ta leƙo, sai ka shimfiɗa tabarma ka shanya shi shafi-shafi, ka zauna kana korar awaki.

Aikin farko da malamina ya ba ni shi ne wannan shanyar. Sunansa Malam Barau, Bakatsine, yana zama a bayan kasuwar Anaca kusa da inda ake sauke albasa. Ni ma albasar na bi na je can, ina da shekara ashirin. Na yi shekara guda cur ina shanya littafin ba a bar ni na karanta layi ɗaya ba. A ta biyu aka ba ni sunayen taurari bakwai da tafiyarsu. Wata yana zagaye gidajen nan sha biyu a wata guda. Mirriku kusan shekara biyu yake yi. Mushtari shekara sha biyu, gida ɗaya kowace shekara. Zuhal, tsohon cikinsu, kusan shekara talatin, yana yin biyu da rabi a kowane gida kamar baƙon da ba ya jin a gaida gida.

Malam Barau ya ce rayuwar mutum a kan waɗannan biyun na ƙarshe take hawa. Duk sanda Mushtari ya dawo gidan da yake ranar da aka haife ka, ƙofa takan buɗe. A sha biyu yaro ya fara sanin kasuwa. A ashirin da huɗu ya tsaya da ƙafarsa, wannan ita ce shekarar tashi, in an kira ka ka amsa. A talatin da shida gida ya cika. Shi kuwa Zuhal in ya dawo, wato a talatin, jarrabawa yake kawowa. Mutum ya zauna inda yake, kada ya canza gari, kada ya canza sana'a, har baƙon ya tashi. A sittin su biyun suke haɗuwa, shi ya sa za ku ga mai sittin yana da abin faɗa da yawa amma sai ya nemi kujera kafin ya fara.

Kun ga ke nan duk aikin yana kan abu ɗaya, sanin shekarun mutum. A nan wahalar take, don mutanenmu ba a haife su da takarda ba. Malam Barau yana da doka mai gaɓa biyu. Ya ce, "Kada ka tambayi mutum shekarunsa. Mai neman aure ragewa zai yi, mai neman sarauta ya ƙara, mai neman aikin gwamnati ya nuna maka abin da ya rantse a kotu. Tambaye shi daminarsa nawa, ɗan manomi ba ya manta damina. In ya faɗa, sai ka bi shi da tambaya ta biyu: me aka yi a garinku shekarar da aka yi maka kaciya, wa ke sarauta, an yi fara ko an yi ambaliya? In biyun suka haɗu, ka ɗauki dabino. In ba su haɗu ba, ka ba shi ruwa ya sha ya tafi."

Shekara bakwai na yi a hannunsa, sai tashin hankali ya zo muka gudu arewa kamar kowa. Shi bai dawo ba, a Katsina Allah ya karɓi abinsa, ya bar mini littafin. Da aka gama yaƙin basasa na sauka a Inugu, Sarkin Pawa ya ba ni wuri ƙarƙashin wata rumfar kwano kusa da kwata, inda mahauta ke wucewa safe da yamma.

Ba a daɗe ba kuɗin fetur ya ɓarke. Mai tura baro ya wayi gari da babur, mai gadi ya zama ɗan kwangila. Duk wanda ya zo rumfata tambaya ɗaya ce a bakinsa: in tashi ko in zauna? Wani dillalin shanu ya zo mini da shekaru uku, na lasisin tuƙi, na fasfon Makka, da na gidan surukai, ya ce in zaɓi wanda ya fi kyau in buga masa. Na ba shi ruwa ya sha ya tafi.

Yanzu zan zo kan shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata.

Wata safiya da rani, bayan an gama yanka, Haruna ya zo. Mahauci ne, mutumin Gumel, dogo ƙaƙƙarfa, sanƙo ya riga ya cinye rabin kansa, gemu kuma ya cika. Ba ya wasa, ba ya ƙarya, abin da aka ce ya yi shi yake yi, ba ƙari ba ragi. Ya cire takalmi, ya durƙusa, muka gaisa sosai har muka tambayi mutanen gida. Sannan ya ce kawunsa, Alhaji Sale, ya aiko daga Fatakwal. Ya sami kwangilar kai nama kicin ɗin wani kamfanin mai, ya kuma kama tebur a kasuwar Mile One, yana son ɗan gida ya zauna a kai, in ya riƙe ya zama nasa. Duk mahautan da ke wanke wuƙa a famfo suka matso, don a lokacin nan tebur a Mile One ya fi gona.

Na ce, "Daminarka nawa?"

Ya sa hannu a aljihun 'yar shara ya ciro wata igiyar rama da ta yi baƙi saboda maiƙo, cike da ƙulli.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, Inna ce ta fara ta tun ranar sunana. Duk damina ƙulli ɗaya. Da zan taho ta ba ni ta ce in ci gaba. Ban taɓa fashi ba."

Na ƙirga sau uku. Talatin cif. Tun da na fara aiki ban taɓa ganin shaida irin wannan ba. Na ɗaga igiyar sama na nuna wa mahauta, na ce ku dubi mutum mai tsari, ba irinku ba da in an tambaye ku shekara sai ku dubi sama. Saboda daɗin igiyar nan, ban yi tambaya ta biyu ba. Ku riƙe wannan.

Na jera dabino, na buɗe littafi, na ce, "Haruna, Zuhal ya sauka a gidanka. Shekara biyu da rabi ba ka tashi daga Inugu."

Wani mahauci da ake kira Bala ya ce, "Malam, tebur a Mile One fa! Ba za ka ɗan tura tsohon nan gaba da dabino ɗaya ba?"

Na ce masa ba kilishi nake sayarwa ba da za a yi mini ciniki. Na juya ga Haruna na ce, "Zuhal yakan turo masu daɗin baki. Ko kawunka ya zo da mota har ƙofar kwata, kada ka tashi. Ko ni da kaina na zo na ce ka tashi, kada ka tashi."

Wannan ta ƙarshe ba ta cikin littafi. Ni na ƙara ta don magana ta yi nauyi, tunda jama'a sun taru.

Haruna ya zauna. Alhaji Sale ya aiko sau ɗaya, ya aiko sau biyu, ya zo da kansa a sabuwar mota, Haruna ya gaishe shi ya rako shi bakin titi ya koma kan kututturensa. Sa'o'insa suka watse, wannan Legas, wancan Warri. Mahauta suka sa masa suna Haruna Zuhal. In ya wuce sai su ce, "Yaya baƙonka, ya karya kumallo?" Shi kuma ya ce, "Yana nan, da godiya."

Ruwa ya sauka, aka yi wata huɗu ana zuba. Sai a watan takwas na bature sama ta washe, kamar yadda take yi a ƙasar nan kowace shekara, a yi sati biyu ko uku ana rana kafin ruwa ya dawo. Na fito da tabarma na shanya littafi. Ina cikin juya shafi sai na hango Haruna a gindin mangwaro, ya kama bakin igiyarsa da haƙori yana ja.

Na ce, "Kai Haruna, me kake yi?"

Ya ce, "Ƙulli, Malam. Ruwa ya ɗauke."

Na ce, "Wane ruwa ya ɗauke? Yanzu a Gumel gero bai ma fitar da kai ba."

Ya ce, "Na Gumel daban. Inna cewa ta yi duk sanda ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, fata ta shanyu, in ƙulla ɗaya. Ga shi kwana goma fata na bushewa."

Na ajiye shafin da ke hannuna a hankali. Na ce, "In ya dawo ya sake ɗaukewa kafin sanyi fa?"

Ya ce, "Sai in ƙulla wani mana. Ai garin nan damina biyu suke yi. Albarka gare su."

Na tambaye shi ƙulli nawa ya taho da su daga gida, ya ce sha takwas, ya ma nuna mini inda hannun Inna ya ƙare nasa ya fara, don nata ƙanana ne. Na tambaye shi babbar Sallah nawa ya yi a Inugu kafin ya zo wurina, ya ce shida, har ya fara lissafa mini ragunan da ya feɗe. Sha takwas da shida. Ban buƙaci dabino ba. Ashirin da huɗu. Mutumin da na ɗaure da sunan Zuhal yana tsakiyar shekarar Mushtari, shekarar da in an kira ka ka amsa, kuma wata takwas a cikinta sun riga sun tafi.

Na ce, "Me ya sa ba ka gaya mini shekararka ashirin da huɗu ba?"

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, damina ka tambaye ni."

A wannan satin ne kuma saƙon Alhaji Sale na ƙarshe ya iso: in Juma'a mai zuwa ta yi babu ɗan gida a kan tebur, zai ba wani, kada kuma a sake kiran sunansa.

Na tara mahauta a gaban Sarkin Pawa na faɗi kuskurena daki-daki, ban ɓoye gaɓa ɗaya ba. Aka yi dariya har Bala ya zauna a cikin kwatami. Da aka lafa na ce, "Haruna, ɗaure kayanka, gobe ka bi jirgin ƙasa na Fatakwal."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Ba zan tashi ba."

"Ni ne fa na ce ka tashi!"

"Shi ya sa. Ai ka faɗa tun farko za ka zo."

Na yi masa bayani da faifai. Na yi masa da yatsu. Na kawo ƙasusuwa sha takwas na jera, na ƙara shida. Yana kallona da tausayi, ya ce wa Bala a hankali, amma na ji, "Ka ga yadda Zuhal ya shiga bakin Malam." Na ce to a kawo igiyar in kwance bakwai ɗin da suka yi yawa. Ya mayar da ita aljihu ya dafe, ya ce igiyar Inna ce, ba mai kwance ta sai da izininta.

Sarkin Pawa ya ci gaba da tauna goro. Can ya ce, "Tanko direba zai tafi arewa ɗauko shanu jibi, zai biya ta Gumel ya tambayo tsohuwa. Amma ba zai dawo kafin Juma'a ba. Malam, kai ka ɗaure yaron nan. Kai za ka je ka tsare masa wuri."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa riƙe wuƙar fawa ba."

Ya ce, "Shi ma bai taɓa riƙe Zuhal ba, ka ba shi ya riƙe."

Ranar Alhamis na sauka a Fatakwal cikin ruwa. Alhaji Sale ya dube ni daga hula har takalmi ya ce, "Ɗan'uwana na nema, aka turo mini mai taurari. To, bismilla. Duba mana ka ga ko cinyar nan za ta ƙare kafin azahar." Ya miƙa mini gatari.

A lissafina na kaina shekarata talatin da shida a lokacin, wadda littafi ya ce gida yake cika. Abin da ya cika shi ne hannuna, da yanka. Kwana talatin da uku na yi a kan teburin nan. Ranar farko na raba cinya kashi goma sha biyu daidai wa daida, don hannuna bai san wani rabo ba. Kukun kamfani ya zo ya duba ya tambayi Alhaji ko sadaka za a yi. Rana ta biyu na yanke tozo na tura gefe a zaton kitse ne, maƙwabcin teburina ya ɗauke yana yi mini addu'a. Na kafa doka cewa wanda ya riga zuwa shi za a fara sallama, wata mata mai sayar da abinci ta tsallake mutum biyar ta dangwarar da kwano a gabana. Na ce ta koma layi. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Aboki, yu bi tica?" Wato ko ni malamin makaranta ne. Na ce mata kusan haka. Ta kira duk 'yan layinsu suka zo kallon malamin da ke sara ƙashi yana rufe ido. Daga ranar ciniki ya ƙaru, amma ba don iyawata ba.

Duk yamma Alhaji Sale yakan leƙo ya ce, "Malam, yaya taurari?" In ce ban gan su ba. Gaskiya ce kuma, tun da na je garin ban ga sama ba sai gajimare.

Tanko ya dawo ranar da na cika wata. Motarsa har Fatakwal take sauke shanu, don haka shi ya kawo mini labarin abin da aka yi a Inugu. Ya ce ya sami tsohuwa tana sussukar gero, ya faɗa mata komai. Ta ajiye taɓarya ta ce, "Ku gaya wa wannan dogon, damina ɗaya Allah ya yi a shekara, ta garin wasu ba ruwana da ita. Ya kwance abin da ya ƙara. Shi kuma malamin, a ce ina gaishe shi, a tambayar mini shi, ido ba ya cikin kayan aikinsa ne?" Tanko ya ce a gaban kowa Haruna ya zauna ya kwance ƙulli bakwai da tsinken tsire, ɗaya bayan ɗaya. Yana gamawa Bala ya miƙe, ya ce shekara shida yana ce wa mutumin nan yaya, yana ba shi wuri a benci, ashe shi Bala ne ya girme shi da uku, yanzu sai Haruna ya durƙusa ya gaishe shi. Haruna ya durƙusa ya gaishe shi.

Bayan kwana uku sai ga shi a Mile One da akwatin ƙarfe a ka. Ya gaida kawunsa, ya gaishe ni, ya dubi naman da ke kan tebur ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Malam, mota ce ta taka san nan?" Na miƙa masa wuƙa. Kafin azahar ya gyara abin da zai gyaru, kuku ya zo ya karɓa ba ƙorafi. Alhaji Sale ya kira shugaban mahautan kasuwar ya ce a shaida, tebur na Haruna ne.

Washegari ya rako ni tashar jirgi, yana riƙe mini lema. Ya ce ya tambayi mutanen garin yaushe ruwa ke ɗaukewa, kowa ya yi masa dariya, to shi yanzu bai san yadda zai yi ya tsufa ba. Na ce ya bar igiyar a akwati, ni zan riƙa ƙirga masa daga Inugu. Ya ce to. Can jirgi ya yi kuka.

Na sa ƙafa a matakala ke nan ya kama bakin rigata. Ya ce, "Malam, shi Zuhal ɗin na gaskiya, yaushe zai zo?"

Na ce, "Nan da shekara biyar da wani abu, in Allah ya kai mu."

"Biyu da rabi zai yi?"

"Biyu da rabi."

Ya ce, "To na riga na yi masa zaman wata tara. Ka rubuta a littafi, in ya zo a cire mini."

Babu layin da aka tanada don haka a jadawalin Malam Barau. Da na isa Inugu na ja layi da kaina a gefen shafi, na rubuta.